Thomas Mellon, Alƙalin da Ya Mai da Gidansa Makarantar Kuɗi

Dattawan da suka ga farkon haƙar man fetur a Najeriya ba za su manta da sunan Gulf ba. Shi ne kamfanin da ya gano mai a cikin teku a Okan, daura da bakin kogin Escravos, a ƙarshen 1963, ya fara fitar da shi a 1965, ya ci gaba da aiki har Chevron ta haɗiye shi bayan cinikin 1984 na sama da dala biliyan 13. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tushen Gulf gida ɗaya ne, gidan Mellon na birnin Pittsburgh a jihar Pennsylvania ta Amurka. Kakan gidan kuwa, Thomas Mellon, ɗan manomi ne da aka shigo da shi ƙasar yana ɗan shekara 5, ya yi lauya, ya yi alƙali, sai da ya kai shekara 56 sannan ya buɗe wani ɗan ƙaramin banki.

A zamaninsa akwai masu banki da suka fi shi suna da kuɗi, nesa ba kusa ba. Jay Cooke ne ya sayar wa jama'a takardun bashin da gwamnati ta yi yaƙin basasa da su. Gidan Morgan da gidan Drexel suna juya dukiya tsakanin Landan da New York da Philadelphia. In aka jera su, Mellon attajirin lardi ne kawai. Inda ya sha bamban da su shi ne abin da ya ɗauka a matsayin babbar sana'arsa, wato renon 'ya'ya maza da za su iya riƙe kuɗi su kuma ninka su. Bankin ma, in aka duba da kyau, don su ya buɗe shi.

Yaron da ya guje wa gona

An haife shi ranar 3 ga Fabrairu, 1813, a wani ɗan gidan jinka kusa da garin Omagh, a gundumar Tyrone ta arewacin Ayilan. Iyayensa, Andrew Mellon da Rebecca Wauchob, manoma ne 'yan ɗarikar Firesbiteriyan, masu tsantseni da ƙyamar almubazzaranci. A 1818 suka bi sahun danginsu zuwa Amurka, suka sayi gona a gundumar Westmoreland, wani ɓangaren kuɗin bashi. Ba su gama zama ba sai ga karayar tattalin arziki ta 1819. Farashin amfanin gona ya faɗi warwas, kuɗi suka yi ƙaranci a hannun mutane, maƙwabta da yawa suka rasa gonakinsu. Iyayen suka ɗaure ciki, suka shafe shekaru suna biya har suka fita. Yaron yana kallon duk wannan. Ya ga cewa idan kasuwa ta faɗi, wanda ake bi ne ke kwana da fargaba, mai bin bashi kuwa shi ke tashi da gona. Duk rayuwarsa ta gaba ta nuna ɓangaren da ya zaɓa ya tsaya.

Yana ɗan shekara 10 ya taka da ƙafa zuwa Pittsburgh, tafiyar kusan mil 20. A hanya, a unguwar East Liberty, ya tsaya yana kallon katafaren gidan wani mai arziki, Jacob Negley, da filayensa. Yana ɗan shekara 14 kuma wani tsohon kwafi na littafin tarihin rayuwar Benjamin Franklin ya faɗo hannunsa. Labarin yaro talaka da ya zama babban mutum ta hanyar aiki da tattali ya shige shi ƙwarai, har ya zama duk rayuwarsa bai daina ambaton Franklin ba.

Mahaifinsa dai manomi yake so ya samu. Da Thomas ya kai 17, uban ya tafi garin Greensburg don kammala cinikin wata gona da zai ba shi. Kamar yadda Thomas ya ba da labari da kansa, yana cikin saran itace a kan tudu yana hangen gonar sai ya ji ba zai iya ba, ya jefar da gatari, ya sheƙa da gudu kusan mil 10, ya tarar da uban kafin a sa hannu, ya roƙe shi a fasa. Aka fasa. Ya shiga jami'ar da yanzu ake kira Jami'ar Pittsburgh, ya gama a 1837, ya zama lauya a ƙarshen 1838.

Ba ladan shari'a ne ya yi masa arziki ba. Zaman kotu ya nuna masa wa ke cikin matsi, wane gida ke jingine, wane fili za a yi gwanjonsa. Duk abin da ya samu sai ya zuba a sayen takardun jingina da na bashi, ya karɓi kuɗin ruwa, in mai bashi ya gaza kuma ya karɓi kadarar. Daga nan ya shiga sayen filaye da ƙasar da ke da kwal. Ba a zarge shi da karya doka ba. Ba a kuma san shi da sassauci ba.

Aure da lissafi

Yana gab da cika 30 ya yanke shawarar lokacin aure ya yi, ya shiga neman mata kamar yadda yake neman fili. Wadda ya tsayar ita ce Sarah Jane Negley, 'yar mai gidan nan da ya tsaya kallo yana yaro. Uban ya riga ya rasu, amma filayen East Liberty suna nan. Aka ɗaura aure a watan Agustan 1843. Shi da kansa ya rubuta daga baya cewa babu wani zancen soyayya a neman auren, kuma da ta ƙi shi, abin da zai dame shi kawai shi ne lokacin da ya ɓata. Ka tuna cewa ya rubuta wannan ne matar tana raye, a littafin da 'ya'yanta da jikokinta za su karanta. Duk da haka sun zauna tare fiye da shekara 64.

Sun haifi 'ya'ya 8. 'Yan mata biyun, Sarah Emma da Annie Rebecca, sun rasu suna ƙanana. A 1862 mashaƙo ya kashe Selwyn yana ɗan shekara 9, kuma wannan mutuwa ce ta fasa taurin zuciyar uban. Mutumin da ya iya ba da labarin aurensa ba tare da wani motsin rai ba, da ya zo kan Selwyn sai ya koma uba mai nadama, yana tuhumar kansa da tsananin da ya yi wa yaron. Maza 5 suka rage: Thomas ƙarami, James, Andrew, Richard da George.

A kan waɗannan biyar ya zuba duk dabararsa. Bai yarda da makarantun gwamnati ba, don yana ganin suna cika wa yaro kai da abin da ba zai amfane shi ba, suna kuma haɗa shi da abokan banza. Sai ya gina ɗakin karatu a harabar gidansa da ke titin Negley, ya ɗauko malami, ya tsara abin da za a koya: karatu, rubutu, lissafi, da duk abin da zai shiga kasuwa. Tun suna yara ya saba musu da saye da sayarwa. Da sun tasa sai ya ba su jari a matsayin rance, ya koma gefe yana kallo. Manyan biyun suka fara da sayar da dashen itatuwa da katako da kayan gini a East Liberty. Andrew, yana ɗan shekara 17, ya bar jami'a bai gama ba, aka tura shi ya buɗe wurin sayar da katako a Mansfield, tare da ƙanensa Richard. Uban bai damu da takardar shaidar digiri ba. Littafin shiga da fita na shagon yake dubawa.

Lokacin yaƙin basasa, daga 1861 zuwa 1865, an ga iyakar wannan tarbiyya. James yana Milwaukee ya aiko yana neman izinin shiga soja na ɗan taƙaitaccen lokaci. Uban ya hana shi nan take, ya bi da wasiƙa yana nuna masa cewa marasa wayo ne ke kai kansu, kuma akwai dubban mutanen da rayukansu ba su kai nasa daraja ba da za su iya zuwa. Babu ɗan Mellon ko ɗaya da ya je fagen daga. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, domin dokar 1863 ta ba mai hali damar biyan dala 300 ko ya ɗauki hayar wani ya tafi a madadinsa, kuma da yawa daga manyan attajiran ƙarnin ta nan suka bi. Amma a yaƙin da ya kawo ƙarshen bautar da baƙar fata kusan miliyan 4, wanda ya ci rayuka fiye da 600,000, abin da alƙali mai ci ya gaya wa ɗansa ke nan.

Alƙali ne kuwa a lokacin. An zaɓe shi a 1859 a kotun gundumar Allegheny, ya yi shekara 10. Laƙabin ya bi shi har kabari, kowa a Pittsburgh Alƙali yake ce masa. Da wa'adin ya cika bai nemi komawa ba. Yana ganin gari na bunƙasa da ƙarfe da kwal da gilashi, shi kuma yana zaune kan albashi, ga yara sun taso suna buƙatar wurin aiki.

Banki a titin Smithfield

A farkon Janairun 1870 ya buɗe T. Mellon & Sons a titin Smithfield. Da aka koma sabon gini, gunkin Franklin ya sa aka kafa a saman ƙofa. Banki ne na gida, babu masu hannun jari daga waje, babu wanda zai tambaye shi dalilin ba wane rance da hana wane.

A 1871 wani saurayi ɗan shekara 21, Henry Clay Frick, ya zo neman dala 10,000. Yana so ya gina tandu 50 a yankin Connellsville, inda ake gasa kwal har ya zama wani irin gawayi mai tsananin zafi da ake narka ƙarfe da shi. Alƙali ya ba shi. Da ya dawo neman ƙari sai aka tura wani masanin ma'adinai ya dubo. Rahoton ya ce ƙasar mai kyau ce, tandun sun ginu, yaron yana kan aiki duk yini, da dare yana rubuta lissafi, aibinsa kawai ɗan son zane-zane, kuma bai kai ya cutar ba. Aka ƙara masa. Kafin ya wuce shekara 30 Frick ya mallaki miliyan. A wannan ciniki ake ganin salon da gidan ya riƙe daga baya: a nemo mutum mai basira da ba shi da jari, a binciki halinsa kafin kadararsa, a ba shi kuɗi, in abin ya kama a shiga cikin kamfanin da hannun jari.

Sai ga 1873. Ranar 18 ga Satumba bankin Jay Cooke ya rushe saboda kuɗin da ya narkar a layin dogo na Northern Pacific, tsoro ya bazu ko'ina. Masu ajiya suka yi cincirindo a ƙofofin bankuna kowa na neman nasa. Kusan rabin bankunan Pittsburgh suka mutu. Mellon yana da dukiya, amma tana kwance a filaye da jingina, ba a aljihun tebur ba, dole ya dakatar da biya na ɗan lokaci. Ya tsallake da ƙyar, ya biya kowa, kuma abin ya tsaya masa a rai har tsufa. Bayan ƙura ta lafa kuwa, shi ne a layin gaba wajen sayen kadarorin waɗanda suka karye, da araha. Abin da ya gani a gonar ubansa a 1819 ne ya sake faruwa, sai dai yanzu yana ɗaya ɓangaren.

Abin da ya fi burge ni a tarihinsa ya faru ne a 1882. Yana ɗan shekara 68, da lafiyarsa da hankalinsa, ya miƙa wa Andrew bankin kacokan, yaro ɗan shekara 26, kuma ba shi ne babba ba. Ya auna su duka, ya ga wanda ya fi natsuwa da kaifin lissafi. Daga baya Richard ya shigo a matsayin abokin tarayya, su biyun suka yi aiki kusan rabin ƙarni da asusu kamar na mutum ɗaya. Sauran dukiyar ma tun yana raye ya sauke ta a hannun 'ya'yan. Duk wanda ya taɓa ganin kantin Alhaji a kulle wata shida bayan sadakar arba'in, magada suna zarya a kotu, zai gane nauyin wannan mataki.

A 1885 ya buga tarihin rayuwarsa, Thomas Mellon and His Times, kwafi kaɗan, don zuriyarsa da aminai, ba don kasuwa ba. Saboda bai yi niyyar baƙo ya karanta ba, bai ɓoye ra'ayinsa ba. Yana ganin talauci galibi laifin mai shi ne. Yana ƙyamar ƙungiyoyin ƙwadago da masu ra'ayin gurguzu, yana da kaushin harshe a kan 'yan Katolikan Ayilan. Wannan kuwa a garin da a Yulin 1877 aka kawo dakaru daga Philadelphia suka buɗe wa masu yajin aikin jirgin ƙasa wuta, suka kashe kusan mutum 20 a yini ɗaya. Frick ɗin da ya rena da rance shi ne ya murƙushe yajin aikin Homestead a 1892, shi ne kuma ya turo wa ma'aikatan 'yan bindigar haya na Pinkerton. Mutanen da ke aikin awa 12 a bakin tanda, waɗanda guminsu ya cika asusun bankin, kusan ba su da gurbi a lissafin Alƙali sai a matsayin barazana.

Tsufa ya zo masa da tsawo. George, autan, ya rasu a 1887 bayan doguwar jinya. Babban ɗan, Thomas, ya rasu a 1899. Idanun Alƙali suka dushe. Mutumin da bai yarda da komai ba sai abin da ya ƙirga, a ƙarshe ya riƙa zuwa wurin masu da'awar magana da matattu. Ya rasu ranar 3 ga Fabrairu, 1908, ranar da ya cika 95 cif. Sarah Jane ta bi shi a shekara mai zuwa.

Abin da Andrew ya gada

A wajen kuɗi, ɗan ya wuce uban da nisa. Wasu matasa suka zo neman rance don wani kamfani da ke narka alminiyam da lantarki ta sabuwar hanyar da Charles Martin Hall ya gano. Andrew da Richard suka ba su, suka sayi hannun jari, kamfanin ya zama Alcoa. A 1901 rijiyar Spindletop ta fashe da mai a Texas, kuɗin Mellon na cikin kamfanin Guffey da ke haƙar. Da harkar ta rikice sai suka tura William Larimer Mellon, ɗan James, ya gyara, a 1907 aka kafa Gulf yana jan ragamarsa. Ga kamfanin Carborundum, ga Koppers, ga kwal, ga jiragen ƙasa. A 1902 bankin gida ya koma Mellon National Bank.

Sai dai Andrew ya gaji har da sanyin gidan. Mutum ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, wanda ya zauna a gidan iyayensa har ya kai 45. A 1900 ya auri Nora McMullen, 'yar wani mai kamfanin giya a Hertford ta Ingila, wadda ya ninka ta a shekaru. Yarinyar da ta tashi cikin dawaki da filayen karkara ta tsinci kanta a garin da hayaƙi ke sa a kunna fitila da rana, cikin dangin da ake cin abinci shiru, da mijin da ke dawowa daga ofis ya shige wani ofis. Suka haifi Ailsa a 1901, da Paul a 1907. Auren ya watse da tonon silili, da zargin neman wani namiji, da 'yan leƙen asiri a cikin gida. A 1911 majalisar jihar ta sauya doka ta yadda alƙali zai iya raba aure ba tare da zaman masu taya shi hukunci ba, abin da ya yi wa Andrew daidai, jaridun Pittsburgh kuma suka yi gum. A 1912 aka raba su. Uban ya zaɓi mata da lissafi ya dace da wadda za ta iya jurewa. Ɗan, sau ɗaya da ya bi zuciyarsa, ba a koya masa abin da ake yi bayan ɗaurin aure ba.

A 1921 Andrew ya zama sakataren baitulmalin Amurka, ya riƙe muƙamin ƙarƙashin shugabanni uku, Harding da Coolidge da Hoover, har 1932. Ya sauke harajin masu manyan kuɗi daga kashi 73 cikin ɗari zuwa 25, aka yi ta yabonsa lokacin da kasuwa ke tashe. Da ta rushe a 1929, miliyoyi suka rasa aiki, sai yabo ya koma zagi, aka tura shi jakada Landan. Gwamnatin Roosevelt ta tuhume shi da kauce wa haraji. Ana cikin shari'ar ya ba ƙasar kyautar zane-zanensa, har da guda 21 da ya saya daga gidan tarihi na Hermitage lokacin da gwamnatin Stalin ke neman kuɗin waje, da kuɗin gina musu mazauni a Washinton. Ya rasu a Agustan 1937. Bayan 'yan watanni hukumar ɗaukaka ƙarar haraji ta wanke shi daga zamba, ko da yake ta ce akwai ragowar harajin da za a biya. A 1941 aka buɗe National Gallery of Art, kuma bisa sharaɗinsa ba a sa sunansa a kai ba.

Sunan ya bazu ta wasu hanyoyi. Cibiyar bincike da Andrew da Richard suka kafa a 1913 ta haɗe da kwalejin Carnegie a 1967, aka sami Jami'ar Carnegie Mellon, wadda yau take da reshe a Kigali. Bankin ya haɗe da Bank of New York a 2007. Gidan jinkan da aka haifi Alƙali a ciki yana nan tsaye, shi ne cibiyar wani gidan tarihi na ƙaura da aka buɗe kusa da Omagh a 1976.

A cikin zuriyar kuwa, ba kowa ya karɓi karatun titin Negley ba. Paul ya gwada zaman banki don ya faranta wa ubansa, ya ga ba zai iya ba, ya fita. Ya ƙare rayuwarsa a kiwon dawakin sukuwa da tara zane-zane da rabar da dukiya, dokinsa Mill Reef ya lashe gasar Derby ta Ingila a 1971. Wanda ya fi yin nisa shi ne Larry, ɗan William mai Gulf, tattaɓa kunnen Alƙali. Yana kiwon shanu a Arizona ya karanta labarin asibitin Albert Schweitzer da ke Lambaréné a Gabon, a 1947. Yana ɗan shekara 37 ya koma aji don karatun likita a Jami'ar Tulane, matarsa Gwen ta koyi aikin ɗakin gwaje-gwaje. A 1956 suka buɗe asibiti da kuɗinsu a Deschapelles, cikin kwarin Artibonite na ƙasar Haiti, inda manoma ke mutuwa da tarin fuka da tamowa da sandarewar jarirai. Ya yi aiki a can fiye da shekara 30, yana duba marasa lafiya yana haƙa rijiyoyi, kuma a can ya rasu a 1989.